Kurakuran da aka fi yi wajen yanka da walda da injin leza

Da zarar yanka ya fara ɓaci sai ka ga mutum ya ruga ya ƙara wuta, ko ya ce ai injin ne ya lalace. Toh kafin ka taɓa saiti, ciro ɗan gilashin kariyar nan na cikin kan injin ka haska shi. Ɗigon datti ɗaya ya isa, don shi ke shan zafi ya goce maka inda hasken ke taruwa, shi ya sa za ka fara aiki lafiya lau bayan ɗan lokaci yanka ya ƙi ratsawa. In ya ƙone canza shi kawai, kar ka tsaya goga, jinkirin nan ne ke kai ɓarnar ga babban gilashin da ke samansa mai tsada.

Sai nozul, wato ɗan bakin da haske da gas ke fitowa ta cikinsa. Manna salatif a bakinsa ka harba wuta kaɗan, hujin ya fito daidai tsakiya. In ya karkace gefe ɗaya zai yanku sumul ɗayan kuma duk kashin ƙarfe.

Gas ma ana kwaɓa shi sosai. Baƙin ƙarfe mai kauri oksijin ake ba shi da matsi kaɗan saboda oksijin ɗin kansa yana taya ƙonawa, amma sitenles da alminiyam naitirojin suke so kuma da ƙarfi, matsin bar 10 zuwa 20 (bar ma'aunin matsin gas ne), in ba haka ba bakin yankan ya yi baƙi ko ya fito da ƙaya a ƙasa.

A walda kuwa gsky matsalar mu ta sabo ce. Wanda ya saba da waldar lantarki ya saba cike rami, leza kuma haskenta bai kai milimita 1 faɗi ba, in ka bar giɓi wucewa za ta yi ta tsakiya. In ba wayar ciko za ka sa ba, giɓin kar ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 na kaurin ƙarfen, ka matse da kilam sosai, ka goge mai da tsatsa da fenti tukuna don su ke kawo ƙananan ramuka cikin ɗinkin. Galbanaiz, wato ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, shi ne ya saɓa, tutiyar jikinsa tana tafasa a digiri 907 alhali ƙarfen sai wajen 1500 yake narkewa, to in ka ɗora falle kan falle ka matse gam tururin ba shi da mafita sai ya fasa ɗinkin. Bar masa milimita 0.1 zuwa 0.2 ya samu hanya. Jan ƙarfe da alminiyam kuma suna mayar da haske baya, ka ɗan karkata bindigar waldar.

Wanda ya fi damu na shi ne ido. Hasken lezar faiba yana wajen nanomita 1070 (ma'aunin tsayin zangon haske ke nan), ba a ganinsa, ido ba zai ma ƙifta ba har ya ƙona can ciki, kuma wannan tabon ba ya warkewa. Hular walda ta gargajiya ba don shi aka yi ta ba wallahi. Nemi tabarau da aka rubuta wannan lambar a jikinsa, duk wanda ke ɗakin ya sa har yaron da ke riƙe maka ƙarfe, a kuma killace wurin da bangon da haske ba ya ratsawa.