Bargon tsofaffin wandunan jin: ku yi hankali da mai talewa

Salamu alaikum ƴan uwa. Ɗari na tafe, ga shawara ga mai son haɗa bargo da tsofaffin wandunan jin, na gida ko na gwanjo da ake samu da araha a kasuwannin Yamai.

A fara wanke su, don shuɗin yana zuba. A yanka gutsattsari murabba'i, santimita 15 kowane gefe, a yar da ƙugu da kaurin bakin ƙafa, su ke karya allura. Allura lamba 100 ko 110 za a sa wa keke.

Inda aikin yake shi ne jin mai talewa, wanda aka saƙa da zaren roba. Ja shi ki gani: ta faɗi yake miƙewa, ta tsawo da ƙyar. In kika haɗa shi haka nan da mai tauri, ɗinkin zai yi ta tattarewa. Sai ki shimfiɗa kowane gutsure kan ƙyallen tsohuwar atamfa daidai girmansa, ki ɗinke gefuna huɗu tukuna. Kar ki ja shi lokacin ɗinki, bar keke ya tafi da shi. Guga mai zafi sosai kuma tana kashe robar.

Ni ba na cusa auduga a ciki, nauyin jin ya isa. Zane guda a baya, shi ke nan.