Yadda za a shawo kan yaro ya yarda a sa masa wayar gyaran haƙori

Likita ne ke ɗaura wayar, amma yaron ne zai yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu yana ɗauke da ita a baki. Idan tilasta masa aka yi, gun goge baki zai rama.

A fara kai shi dubawa yana ɗan shekara 7, lokacin da famfara ta kankama. Yawanci dubawa ce kawai, don ana sa waya ne tsakanin shekara 10 zuwa 14, bayan haƙoran dindindin sun fito. Ɗaya daga cikin amfanin zuwa da wuri shi ne yaro ya saba da kujerar likita tun ba a taɓa masa komai ba.

Kada a ja ra'ayinsa da kushe. Yaron da ake ce wa "dubi bakinka" rufe baki zai koya. A nuna masa dalilin da zai gani da idonsa: haƙoran da suka hau juna buroshi ba ya shiga tsakaninsu, na gaba da suka turo kuma su ne ke saurin karyewa idan an faɗi.

A gaya masa gaskiyar ciwon. Ɗaurawar ba ta da zafi, amma haƙora kan yi tsami kwana uku zuwa biyar, haka ma duk lokacin da aka ƙara matse wayar, bayan mako huɗu zuwa takwas. Abinci mai laushi, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, da ɗan kakin da likita ke bayarwa a manna inda ƙarfe ke gogar kumatu, sun isa. In aka ce masa ba zai ji komai ba, daren farko zai daina yarda da maganar iyaye.

A bar shi ya zaɓi launin ƙananan robobin da ke riƙe wayar, ya kuma yi wa likita tambayoyinsa da bakinsa. Amma robar nan mai garai-garai da ake sawa a maimakon waya, wadda ake iya cirewa, sai yaro mai kula, domin tana bukatar awa 20 zuwa 22 a baki kullum, ga saurin ɓata.

Inda aka fi samun matsala shi ne tsafta. Datti na maƙalewa a gefen ƙarafan, ya bar farin tabo da sai an cire waya ake ganinsa. Saboda haka a tsaya kansa ya goge minti biyu safe da dare da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, ya bi ƙarƙashin wayar da ƙaramin buroshi. Cingam, alewa mai danƙo da tauna ƙanƙara kan ɓalle ƙarfen, su tsawaita aikin.

Tun farko a sanar da shi cewa bayan cirewa akwai abin riƙe haƙora da zai riƙa kwana da shi. In ya yi watsi da shi, haƙoran za su soma komawa inda suka fito.