Darasi na 9: Gyaran Ɗaki da Suyar Sallah a Lokacin Bazara

Shekarar Musulunci kwana 354 ce, ta Bature kuwa 365. Shi ya sa kowace shekara Sallah take matsowa da kamar kwana 11. A Najeriya an yi Ƙaramar Sallah ran 21 ga Afrilu a 2023, ran 10 ga Afrilu a 2024, sai ran 30 ga Maris a 2025. Ke nan a 'yan shekarun nan cikin bazara take faɗowa, ga zafi, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Sai aiki biyu su haɗe wa mutan gida: gyara kafin ruwa ya sauka, da soye-soye kafin 'yan yawon Sallah su fara sallama.

Gyara ake fara yi. Matar da ta soya cincin yau, gobe ta hau kakkaɓar yana, ƙura za ta ciyar da baƙinta. Warin fenti ma fulawa da bota suna ɗaukarsa. A gama da ɗaki tun tsakiyar azumi, a bar suya sai kwana uku ko huɗu kafin Sallah.

Daga sama ake somawa

Maigida ya hau soro ya duba tsaga, ya yashe indararo, ya fitar da ganye da ledar da iskar hunturu ta tara. In ginin ƙasa ne, yanzu ne lokacin yaɓe, da ƙasar da aka cuɗa da ramno ta kwana ta ruɓa. Masu hali suna bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don tana hana ruwa cin bango. In kwano ne, a bi ƙusoshin da suka saki. Aikin banza ne a shafa farar ƙasa a ɗakin da zai yi yoyo a ruwan fari.

A ciki, uwargida ta fitar da kaya tsakar gida, ta shanya katifa a rana, ta kakkaɓe yana da doguwar tsintsiya. Farar ƙasa a jiƙa ta tun dare, a tace da safe. Shafi biyu mai ruwa-ruwa ya fi ɗaya mai kauri, domin mai kauri ɓamɓarewa yake yi. Bayan bango ya bushe sai jere ya koma: a wanke kwalla da tasoshi da toka ko omo, a goge su bushe ƙarau, kada tsatsa ta kama bakinsu. Labule ko tsoho ne, in ya sha wanki da guga ya wadatar. Turaren wuta shi ne na ƙarshe.

Cincin

Ki zaɓi kofi ɗaya, ki yi duk awonki da shi. Yawancin cincin da ke lalacewa, awo da ido ne ya ɓata shi. Ga ma'auni:

Fulawa kofi 4
Sukari rabin kofi da ɗan ƙari
Bota babban cokali 4
Ƙwai 2
Madara ta ruwa rabin kofi
Bekin foda rabin ƙaramin cokali
Gishiri da gyaɗar ƙamshi kaɗan

Ki tankaɗe fulawa, ki zuba sukari da gishiri da bekin foda da gyaɗar ƙamshi. Ki sa bota ki murje da yatsu har ta ɓace, garin ya yi wara-wara kamar dambu. Sannan ki fasa ƙwai, ki riƙa zuba madara kaɗan-kaɗan kina kwaɓawa. Kwaɓin ya yi tauri, kada ya manne a hannu. Ki rufe shi minti 15 ya huta, ki murza a faranti da kwalba ko muciya, ki yanka ƙanana, don a cikin mai zai ƙara girma.

Wajen suya ake gane gwana. Ki jefa ƙwaya ɗaya a mai. In ta nutse ta zauna, mai bai yi zafi ba, cincin zai sha mai. In ta yi baƙi nan take, wuta ta yi yawa, waje zai ƙone ciki da ɗanye. Wadda ta nutse ta taso a hankali tana ɗan tsuwa, ita ake so. In kika ga mai yana kumfa yana neman zubowa, ƙwai ko bekin foda ya yi yawa, ko kuma kin cika barbaɗa fulawa wajen yanka. Ki kwashe tun yana ruwan zuma, domin bayan an tsame ma yana ƙara duhu.

Yara su yi nisa da murhu. In mai ya kama da wuta, kada ki kuskura ki watsa ruwa. Ki rufe da murfi, ki janye itace ko ki kashe gas.

Kek ba tare da oban ba

Babbar tukunya da yashi sun isa. Ki wanke yashi ki shanya ya bushe, ki zuba a gindin tukunya kaurin yatsu biyu, ki rufe ki ɗora a garwashi ya yi zafi. Ki buga bota giram 250 da sukari kofi 1 har su yi fari. Ki sa ƙwai 5, ɗaya bayan ɗaya, sannan fulawa kofi 2 da bekin foda ƙaramin cokali 2. Da fulawa ta shiga, ki daina bugu, ki juya kawai. Ki shafa bota a gwangwanayen madara ko na kifi da aka wanke aka danne bakinsu, ki zuba rabi-rabi, ki jera a kan yashi, ki rufe, ki ɗan zuba garwashi a kan murfi. Kada ki yi ta leƙe, kek faɗawa yake in iska ta shiga. Bayan kamar minti 25 ki soka tsinke a tsakiya. In ya fito babu danƙo, ya nuna.

Cincin da ya huce sarai aka rufe a bokiti yana yin makonni. Kek kuwa a zafin bazara ba ya jure ajiya, saboda haka ranar jajibere ake gasa shi. Dubulan da alkaki suna da nasu darasi a gaba.

Aikin yi

1. Ki rubuta kayan cincin a littafinki ba tare da kin duba ba, sannan ki gwada da na sama.
2. Fulawa kofi 4 tana cin ƙwai 2. Kofi 12 ƙwai nawa za ta ci? Madara fa?
3. Ki je kasuwa da jerin kayan da kika rubuta, ki rubuta kuɗin kowane abu a gabansa, ki haɗa jimla ki kawo aji.