Ƙuna: yadda ake gane zurfinta a fata da abin da ake yi kafin a kai ga likita

Wanda zai taimaki mai ƙuna yana bukatar ya san ginin fata, domin zurfin ƙunar ne ke nuna ko za ta warke da kanta ko sai an yi aiki. Fata hawa uku ce. Na sama siriri ne ƙwarai, a fatar ido bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, a tafin hannu da tafin ƙafa kuma yakan kai milimita ɗaya da rabi. Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, kuma yana sabunta kansa cikin kamar mako huɗu. Hawa na biyu shi ne mai kauri, a nan jijiyoyin jini suke, da jijiyoyin da ke jin zafi da taɓi, da saiwar gashi, da 'yan jakunkunan da ke fitar da maiƙo, da bututun zufa waɗanda yawansu a jikin mutum ya kai miliyan 2 zuwa 4. Ƙarƙashinsa sai kitse.

Ramin gashi da bututun zufa suna da shimfiɗa ta irin ƙwayoyin halittar da suka gina hawan sama. Idan wuta ta cinye saman fata amma ta bar saiwar gashi da bututun zufa da rai, daga bakin kowane rami sabuwar fata ke tsirowa, ta yi ta bazuwa har ta haɗe. Idan kuwa wutar ta kai ƙasa ta kashe su, fatar ba ta da inda za ta tsiro sai daga gefen ciwon, a hankali, da tabo mai jan nama. Duk taimakon farko ƙoƙari ne na ceton waɗannan saiwoyi.

Da farko a raba mutum da abin da ke ƙona shi. In tufafi ne suka kama, ya kwanta ya yi birgima ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Gudu yana ƙara wa wuta iska. A cire rigar da ta jiƙe da ruwan zafi nan take, amma wadda ta manne da fata a bar ta, a yanke kewayenta da almakashi. Zobe da agogo da awarwaro a cire su tun kafin wurin ya kumbura, don nan da ɗan lokaci zoben zai shaƙe yatsa.

Sai sanyayawa: a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai gudana, mai sanyi daidai, na tsawon minti 20 cur. Mutane sukan daina bayan minti biyu ko uku da zarar raɗaɗin ya lafa, alhali zafin da ya shiga hawa na biyu yana nan yana ci gaba da dafa shi. A duba agogo. Ko an makara, sanyayawar tana da amfani har zuwa awa 3 bayan ƙunar. Kada a sa ƙanƙara. Tana matse ƙananan jijiyoyin jini a daidai lokacin da wurin ke neman jini, sai ƙunar da za ta tsaya a sama ta zurfafa. In yaro ne ƙarami ko tsoho, ko ƙunar tana da faɗi, a sanyaya ciwon kaɗai, a rufe sauran jikin, saboda fatar da ta ƙone ba ta riƙe ɗumin jiki.

Man goge baki, ɗanyen ƙwai, man girki, toka, duk ba su da gurbi a nan. Wasu suna shigar da ƙwayoyin cuta, wasu suna tsare zafi a ciki, kuma dukkansu sai ma'aikacin lafiya ya kankare su kafin ya ga ciwon, mai ƙunar ya sha wahala sau biyu.

Bayan an sanyaya sai a duba zurfin. Ƙunar da ta tsaya a hawan sama a bushe take, tana raɗaɗi, ba ta yin bororo, kuma takan warke cikin mako guda ba tabo. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai, don haka a lura da zafin wurin da ɗan kumburinsa. Idan ta taɓa saman hawa na biyu sai bororo ya tashi, wato ruwan da ya tsattsafo daga jijiyoyin jini ya ɗaga hawan sama. Ƙarƙashinsa jajir ne, a jiƙe, da ciwo mai tsanani, kuma in an danna da yatsa mai tsabta sai ya yi fari, a saki ya koma ja da sauri. Wannan alama ce mai kyau, jini na zagayawa, kuma cikin mako biyu zuwa uku takan rufe. Wadda ta ƙara zurfi takan yi dabbare-dabbaren fari da ja, ba ta sauya launi sosai in an danna, raɗaɗinta bai kai na waccan ba, kuma tana wuce mako uku. Mafi muni ita ce wadda ta cinye hawa biyun gaba ɗaya: wurin ya yi fari fat ko ruwan ƙasa ko baƙi, ya bushe ya yi tauri kamar jemammiyar fata, kuma ba ya ciwo. Rashin ciwon nan ne ke yaudarar mutane, su ɗauka da sauƙi, alhali jijiyoyin ji ne suka mutu. Irin wannan sai dashen fata. A kuma sani cewa ƙuna takan ƙara zurfi cikin kwana biyu zuwa uku na farko, don haka a sake dubawa.

Faɗi kuma ana auna shi da hannun mai ƙunar, ba na mai taimako ba: tafinsa haɗe da yatsu kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. A babba, kai kashi 9 ne, kowane hannu tun daga kafaɗa 9, kowace ƙafa tun daga cinya 18, gaban jiki 18, baya 18. A jariri kai yana ɗaukar kusan ninki biyu na haka. Ƙunar da ta wuce kashi 15 a babba ko 10 a yaro tana zubar da ruwan jiki da yawa har sai an yi ƙarin ruwa ta jijiya.

Ba sai ta kai haka ake zuwa asibiti ba. Duk ƙunar da ta fi tafin hannu, ko ta yi zurfi komai ƙanƙantarta, ko ta samu fuska, hannu, ƙafa, al'aura ko gaɓa, ko ta zagaye yatsa ko hannu, ta likita ce. Haka ƙunar lantarki, wadda ciwonta na waje kan zama ƙarami amma ta yi ɓarna a ciki har ta rikita bugun zuciya. Ta sinadari a kakkaɓe garin in busasshe ne, sannan a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20. Wanda hayaƙi ya rutsa da shi a ɗaki, in muryarsa ta dishe ko gashin hancinsa ya babbake, a garzaya da shi ko da yana magana lafiya lau, don maƙogwaro kan kumbura daga baya.

Kafin a tafi, a rufe ciwon da ledar naɗe abinci mai tsabta, a shimfiɗa ta a kai ba tare da an ɗaure ba, ko da ƙyalle mai tsabta marar gashi. Auduga tana mannewa. Kada a fasa bororo a gida. Babba zai iya shan farasitamol miligiram 500 zuwa 1,000 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini. Na yaro bisa nauyinsa ake lissafawa. A kuma tambayi batun allurar rigakafin tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki.

Ƙaramar ƙuna da ake jinya a gida ana wanke ta da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a rufe da bandejin da ba ya mannewa. Ƙarin ciwo bayan kwana biyu, mugunya, wari, kumburin da ke yaɗuwa ko zazzaɓi, alamun shigar ƙwayoyin cuta ne. Wadda ta kai mako biyu ba ta rufe ba a nuna wa likita.

Sabuwar fata takan fito da haske, daga baya a ga ɗigo-ɗigon launi a bakin ramukan gashi, domin a can ƙwayoyin da ke yin launin fata suka tsira. Tana bushewa da ƙaiƙayi saboda jakunkunan maiƙo ba su farfaɗo ba, don haka a riƙa shafa mai marar turare sau biyu zuwa uku a rana, a kuma kare ta daga rana na tsawon shekara guda. Tabon ƙuna mai zurfi ba ya zufa, kuma yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya kwanta. In yana kan gaɓa, a riƙa motsa ta kullum yadda likita ya nuna, don kada tabon ya ja ta ta ƙage.