Yadda Mai Shayarwa Za Ta Tatsi Nono Ta Bar Wa Jariri

Uwar da za ta koma aiki ko makaranta kafin jaririnta ya cika wata 6 ba sai ta fara ba shi madarar gwangwani ko ruwa ba, domin nonon da ta tatsa da hannunta zai riƙe shi har ta dawo, kuma nono zalla shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai a waɗannan watanni.

Ki fara da wanke hannu da sabulu, ki wanke kofi mai faɗin baki da murfi, ki ɗauraye shi da tafasasshen ruwa. Ki zauna cikin natsuwa, ki ɗora tsumma mai ɗumi a kan maman, ki shafa shi a hankali, saboda gaggawa da fargaba suna hana nono saukowa. Daga nan ki sa babban yatsa a saman baƙin da ke kewaye da kan nonon, manuniya kuma a ƙasa, ki danna su baya zuwa ƙirji, sannan ki matsa ki saki, ki matsa ki saki. Da fari ɗigo ne kawai zai fito, daga baya ya fara tsartuwa. Kada ki ja kan nonon, domin ciwo kawai zai jawo miki. Ki riƙa sauya wurin yatsun, ki koma ɗaya maman bayan minti 3 zuwa 5, har tsawon minti 20 zuwa 30.

Nonon da aka rufe yana kai awa 4 a ɗakin da ɗuminsa bai wuce digiri 25 ba. A zafin bazara kuwa, wajibi ne a rage wannan lokaci, a tsoma kofin cikin kwano mai ruwan randa a inuwa. A firij yana kai kwana 4, muddin ba a ɗauke wuta ba. Idan maiƙo ya taso sama, nonon bai lalace ba, juya kofin kaɗan zai haɗe shi.

A ganina ƙaramin kofi ya fi fida, wadda wanke bakinta ke da wuya, kuma dattin da ya maƙale a ciki kan jawo gudawa. Kaka ko mai raino ta ɗumama nonon cikin kwanon ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba, ta tallafi jaririn a ɗan zaune, ta jingina bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ta karkata shi har nonon ya taɓa leɓen, ta bar shi ya lasa da kansa. Kada ta ɗura masa, don gudun sarƙewa. Abin da ya rage a kofin a zubar da shi idan ya wuce awa 2.