Kalkuletar Excel a shafin intanet: inda ake yawan tafka kuskure da yadda ake gyarawa

Masu sayar da bulo, siminti, kayan sola da taki a Katsina sun gaji da amsa tambaya ɗaya a waya daga safe har dare: nawa zai ci? Shi ya sa da yawa ke neman a ɗauki lissafin da suke yi a Excel a saka musu cikin shafinsu na intanet, mai saye ya rubuta adadinsa ya ga amsa da kansa. Idan shafin da manhajar gina shafuka ta WordPress aka yi shi aikin ba wuya: a saka fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi, a ɗora fayil, a liƙa shi a shafi. Sai dai fulogin kamar ɗan dako yake, abin da ka ɗora masa shi zai kai, ba ya kwance kaya ya duba. Fayil ɗin da ka yi wa kanka akwai abubuwan da ba ka rubuta a ciki ba, saboda suna cikin kanka. Wanda ya buɗe shafin da wayarsa daga Mashi ko Dutsin-Ma bai san ko ɗaya ba, kuma galibin ɓarnar daga nan take tasowa.

Tun wajen zaɓen hanya ake fara kaucewa. Wanda ya wallafa takardar Google Sheets ya liƙa ta a shafi, abin kallo kawai ya saka, baƙo ba zai iya rubuta komai a ciki ba. Da an ga haka sai a ce to a buɗe wa kowa damar gyarawa. Kada ka kuskura. Fayil ɗaya ne kowa ke taɓawa, mutum biyu suka shiga lokaci guda sai su riƙa goge wa juna lambobi, wani kuma ya share fomula gaba ɗaya ko da gangan ko bisa kuskure. Excel ɗin da ke kan OneDrive, ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet, yana da zaɓin barin mutane su rubuta a gurabe ba tare da an adana abin da suka rubuta ba, kowa da nasa. Akwai kuma manhajoji irin su SpreadsheetConverter da ke mayar da fayil ɗin ya zama shafi mai lissafi da kansa, sannan a ɗora shi ta fulogin. In lissafin gajere ne, ni na fi son a bar Excel a sake gina shi kai tsaye da fulogin irin Calculated Fields Form, don ya fi sauƙi a waya. Ka kuma sani cewa tsarin kyauta na WordPress.com ba ya barin a saka fulogin.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne gurbin da ba a faɗi ma'auninsa ba. Ɗauki mai gidan bulo a hanyar Jibia wanda injiniya ya tsara masa lissafi da mita, bisa ƙiyasin bulo 10 a kowace murabba'in mita. A shafin an rubuta tsawo, faɗi, tsayi, shi ke nan. Mai son gina ɗaki, kamar kowa a garin nan, da ƙafa yake awo: 12 da 12, tsayi 10. Ya rubuta haka. Amsar gaskiya ba ta wuce bulo 450 ba, kafin ma a cire ƙofa da taga. Kalkuleta ta ɗauki lambobin a matsayin mita ta ba shi 4,800. In mai kirki ne zai buga waya: “Alhaji, barka da rana. Don Allah ɗaki ɗaya ne fa zan yi, ba makaranta ba.” Alhaji ya ce, “Yi haƙuri Malam, yaran nan ne suka haɗa abin.” Wanda bai buga ba ya tafi gidan bulo na gaba, kuma ba za ka taɓa sanin ya zo ba. Gyaran ba ya cin minti goma. A rubuta ma'auni a jikin kowane gurbi, a sa zaɓi tsakanin ƙafa da mita, fomula ta yi juyin da kanta, tunda mita ɗaya ƙafa 3.28 ce. A kuma sa iyaka, ta yadda duk wanda ya rubuta tsayin bangon ɗaki mita 10 shafin zai tsayar da shi ya ce ya sake dubawa. Haka abin yake ga mai hatsi: tiya ce, kwano ne, ko buhu? In buhu ne, tiya nawa ka ɗauka yana ci? Ka rubuta a fili, domin buhun masara da na shinkafa ba ɗaya ba ne.

Sai yadda mutane ke rubuta kuɗi. Kai ka saba buga 150000 tsurarta. Wani zai rubuta 150,000, wani N150,000, matashi kuma 150k. Akwai gurbin da in ya ga waƙafi yake tsayawa a nan ya ɗauki 150 kawai, akwai wanda ke ɗaukar abin a matsayin rubutu ya mayar da shi sifili. Mu da muke bakin iyaka muna da ƙarin matsala. Abokin ciniki daga Maraɗi ko Damagaram da tsarin Faransanci ya koyi rubuta lamba, a wurinsa 2,5 biyu da rabi ne, kalkuletarka kuwa za ta iya karanta shi 25 ko 2. Wanda ke da masu saye ta Jibia ko Mai'aduwa ya kula da wannan sosai. A mayar da gurbin na lamba zalla, yadda madannan lambobi ne za su fito a waya, a sa alamar ₦ a gefen gurbi, a rubuta misali ƙarami a ƙasa. Duk inda za a iya ba mutum jerin zaɓi ya taɓa, kada a bar shi ya rubuta.

A cikin fomulolin kansu akwai tarkuna da Excel ke rufa wa asiri. Harajin VAT da ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, gurbin Excel 0.075 yake riƙewa ko da 7.5% kake gani; in gurbin shafin bai san haka ba, mutum ya rubuta 7.5, harajin ya ninka kuɗin kaya sau bakwai da rabi. Abin da bai kamata baƙo ya canza ba a kulle shi. Sannan ɓoye ɗigo ba cike lamba ba ne. Lissafi ya ba da buhun siminti 6.2, allo ya nuna 6, kuɗi kuma aka buga da 6.2. Mai saye ya ninka shida da farashin buhu ya ga bai yi daidai ba, sai ya ɗauka cuta ce. Babu mai sayar da gutsuren buhu ko rabin farantin sola, don haka ROUNDUP za a sa, 6.2 ta koma 7, kuɗin ya bi bakwai ɗin. Mai amfani da VLOOKUP wajen ɗauko farashi ya tabbata ya rufe ta da FALSE, in ba haka ba takan ɗauko na kusa ta ba ka farashin wani kaya ba tare da ta ce uffan ba. Masu lulluɓe komai da IFERROR don kada a ga alamar kuskure irin #DIV/0! su mayar da ita sifili, sun ƙara dagula lamarin. Gara shafin ya ce “cika gurbin tsawo” da ya nuna ₦0. Makro na VBA kuwa, wato kodin da ake rubutawa cikin Excel ya yi aiki da kansa, ba ya aiki a burauza, sai an sake rubuta aikinsa da fomula.

Yanzu maganar sirrin kasuwa, wadda nake roƙon kowane mai haɗa shafi ya gaya wa mai kaya kafin a ɗora komai. Fayil ɗin shago yakan ƙunshi farashin sari, ribar da ake ɗorawa, wani lokaci har sunayen waɗanda ake bi bashi da lambobin wayarsu. Ana ɓoye layin ko shafin a ɗauka an gama. Ɓoyewa ba kullewa ba ce. Idan lissafin a wayar baƙo yake gudana, to fomula da lambobinta sun sauka a wayarsa, kuma ɗalibin kwamfuta na shekarar farko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua zai iya buɗe su ya karanta. In an bar maɓallin sauke fayil a jikin tagar OneDrive, wato akwatin da fayil ɗin ke fitowa a cikin shafi, ba ma sai an sha wannan wahalar ba. Ka buɗe sabon fayil fari tas, ka zuba farashin sayarwa kaɗai da fomulolin da ake buƙata, shi za a ɗora. Na shago ya zauna a shago. Fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a guruf, wanda aka fasa, shi ma ƙofa ce: sau da yawa da mugun kodi a cikinsa.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya, kalkuleta kuwa tana zama. Alhaji ya canza kuɗin siminti a kwamfutarsa ya ɗauka shafin ma ya canza, alhali abin da ke shafin kwafi ne da aka juya tun watan jiya. In da irin su SpreadsheetConverter aka juya fayil ɗin, duk canji sai an sake juyawa an sake ɗorawa, sannan a share tsohon kwafin da fulogin na ƙara sauri, irin su LiteSpeed Cache, ke ajiyewa. Tun ranar farko a tsayar da wanda wannan aiki ke wuyansa, a tara farashi duka wuri ɗaya a fayil, a kuma rubuta ranar da aka sabunta a ƙarƙashin amsa. Waɗannan fulogin ɗin na sauri su ne kuma sukan matse kodin kalkuleta har ta daina motsi. In haka ta faru a cire shafin daga cikin waɗanda suke taɓawa. Taga ta fito fara fat babu komai? Duba adireshin abin da aka liƙa, wataƙila da http ya fara alhali shafinka https ne, burauza ta toshe shi.

A kwamfuta ake haɗawa, a waya ake amfani. Takarda mai layi goma a jere ba ta shiga allon ƙaramar Android, amsar takan maƙale can dama inda ba mai ganinta. A jera gurabe daga sama zuwa ƙasa, a raba waɗanda aka haɗe, a ba taga isasshen tsayi. A duba ko ɓ, ɗ, ƙ da ₦ suna fitowa daidai, a kuma buɗe shafin daga cikin Facebook da datar waya, don ta nan yawancin mutane za su shigo.

Kalkuletar zakka tana buƙatar kulawa ta daban, domin kuskurenta haƙƙin Allah ne da na talaka. Ɗaya bisa arba'in na kuɗi ba ya canzawa, amma nisabi yana bin farashin zinare, misƙali 20, kimanin giram 85, don haka lambar bara ba ta yi bana. Ta hatsi kuma dole ta tambayi yadda aka shayar da gona: ta damina ɗaya bisa goma, wadda aka wahala da injin ban-ruwa, kamar yadda masu noman rani ke yi a kewayen madatsar Zobe, ɗaya bisa ashirin. Kada a wallafa irin wannan sai malami masanin fiƙihu ya zauna ya bi lissafin.

Kafin a sanar da shafin, a ɗauko littafin rasit na shago a zaɓi cinikin da aka riga aka yi, ƙanana da manya, a shigar da su ɗaya bayan ɗaya a ga ko amsa ta yi daidai da abin da aka karɓa. Daga nan a gwada abin da ba a so: gurbi babu komai, sifili, lamba mai ragi, lamba mai waƙafi, lambar da ta wuce hankali. Sai a miƙa wayar ga yaron shago ko wani dattijo da bai taɓa ganin shafin ba, a yi shiru a kalle shi. Duk gurbin da ya tsaya ya ɗago kai yana tambaya, a rubuta shi, a koma a gyara bayaninsa, a sake ba wani daban ya gwada.