Yadda za ka kalli fim ɗin fatalwa na Marathi ka gane labarinsa

A Damagaram, daga Birni har Zango, samari suna kallon fina-finan Indiya a waya, amma idan na tsoro ne sai ka ji ana kiran kowace halitta aljani, kuma a nan ake zubar da rabin labarin. Abin da ya kamata mai kallo ya fara riƙewa shi ne, yawancin abubuwan tsoro a labaran Marathi, mutanen jihar Maharashtra, fatalwa ce ta mamaci, kuma irin mutuwar da mutum ya yi ita ke ba fatalwarsa suna.

Saboda haka, da ka fara kallo, ka nemi sanin wanda ya mutu da abin da ya bari bai kammalu ba. Munjya, alal misali, yaro ne ɗan gidan Brahman, wato dangin malaman addinin Hindu, wanda aka yi masa bikin ɗaura zaren addini amma ya rasu bai yi aure ba, kuma ana cewa a bishiyar pimpal yake zama, kamar yadda iyayenmu suke hana yaro tsayawa gindin tsamiya da tsakar rana. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda fatalwar take nacin aure a fim ɗin Munjya na 2024 ba, wanda Aditya Sarpotdar ya ba da umarni, labarinsa kuma yana faruwa a Konkan, yankin bakin teku da ya fi shahara da irin waɗannan labarai. Chakwa kuwa, wani nau'in fatalwar, aikinsa ɓatar da matafiyi, ya yi ta kewaya wuri ɗaya bai sani ba.

Sannan ka duba harshen da aka yi fim ɗin da shi, domin Munjya da Hindi aka yi shi. Shawarata ita ce ka fara da Lapachhapi na 2017, wanda Vishal Furia ya yi da Marathi, kafin ka kalli Chhorii na 2021 da ya sake yi da Hindi. Labarin wata mace ne mai tsohon ciki a wani gida da gonar rake ta kewaye shi, kuma idan ka natsu za ka ga cewa fatalwowin suna tona asirin kisan jarirai mata ne, abin da ya fi su ban tsoro nesa ba kusa ba.

Kada kuma ka ɗauki duk abin da ka gani a matsayin gadon kakanni. Hastar, dodon fim ɗin Tumbbad na 2018, ƙirƙirar marubuta ce, haka ma Tatya Vinchu, 'yar tsanar da ran wani ɗan fashi ya shiga a Zapatlela na 1993, wanda Mahesh Kothare ya gauraya tsoro da barkwanci a cikinsa.